Rumfa Ɗaya a Motar Lung Kamdi

A ƙauyenmu na Nong Sim, in ka tsaya gaban mai taliya ka kasa faɗin ko siririya kake so ko mai faɗi, sai ta ƙwanƙwasa ludayi a bakin tukunya ta ce, "To Lung Kamdi, in ka gama shawara ka tashe ni." Ko ke mace ce, ko kai ɗan makaranta ne, sunan da za a liƙa maka ke nan. Mai sunan na ainihi kuwa yana nan da ransa da lafiyarsa, shekara sittin da biyu, gida na uku in ka baro haikali, shingenmu ɗaya da shi. Na tabbata ya san an mai da shi abin misali. Abin da bai yanke ba tukuna shi ne ko zai ji haushi.

Lung Kamdi, wato Kawu Kamdi, manomi ne: shinkafa a fadama, rogo a tudu, da 'yan itatuwan roba da ya dasa shekara huɗu bayan kowa ya dasa nasa, daidai lokacin da farashi ya faɗi. Ba ya shan giya, ba ya zuwa wajen faɗan zakaru. Ko tikitin cacar gwamnati da kowa ke saya bai taɓa cin masa ko baht ɗaya na kuɗinmu ba, domin kafin ya zaɓi lamba mai sayarwa ta hau kekenta ta yi gaba. Ciwonsa ɗaya ne a duniya, ruwan ido. Marigayiya uwarsa takan ce kwana biyu ta yi a kan gwiwa, yaro yana ciki yana auna Laraba da Alhamis, daga ƙarshe ungozoma ta gaji ta zaɓar masa Juma'a.

Sau ɗaya tak aka taɓa ganin ya zaɓi abu bai kwana a kai ba. Yana ɗan shekara ashirin da biyar ya je bikin harba rokoki na roƙon ruwa a wani gari, ya hangi wata yarinya tana daka ɗanyar gwanda da barkono a turmi, tana daka tana yi wa mai saye faɗa. Ya taɓa abokinsa ya ce, "Waccan." Ita ce Pa Lamduan ta yau, wato Gwaggo Lamduan, matarsa, uwar 'ya'yansa uku. Mutanen garinmu suna cewa duk rabonsa na yanke shawara ya kashe shi a wannan yammacin, shi ya sa babu saura.

Garin su Pa Lamduan, Don Kha, yana can wajen babban kogi, tafiyar awa biyu da rabi a mota. Ran da ya fara zuwa gaida iyayenta, keke ya ara daga tasha. Kawunnanta uku suna zaune a inuwar ƙarƙashin gida kan gadon gora, suna jiran su ga saurayin da aka ce har aikin gini ya yi a Bangkok. Yana isowa ƙofar gida ya rasa birkin da zai kama, na gaba ko na baya. Keken bai jira shi ba, ya zaɓar masa kududdufin da ɓaunar gidan ke kwanciya. Tun daga ranar sunansa a Don Kha Surukin Keke. Shekara talatin da bakwai ke nan. Biyu daga cikin kawunnan sun rasu, amma sun bar wa 'ya'yansu sunan a cikin gado, na ukun kuwa yana nan ba haƙori ko ɗaya, sai dai sunan yana fita a bakinsa sarai.

To a cikin taɓon nan Lung Kamdi ya ɗauki alkawari, kuma ya sha faɗa mini ta saman shinge: wata rana zai shiga Don Kha a motarsa ta kansa, sabuwa, da Lamduan a gaba kusa da shi, a hankali, kowa ya gani. Burin ke nan, ba shi da wani.

Kuɗin motar sun taru tuni. Zaɓen motar ne ya ci shekara goma sha ɗaya. Yarinyar da ta fara miƙa masa takardar hotunan motoci a birnin Roi Et ta yi aure, ta haihu, ɗan ya shiga makaranta, Lung yana nan yana buga tayoyi da ƙafa. A ƙarshe Pa Lamduan ta ɗaura zane ta bi shi, ta tsaya a bakin ƙofa ko ciki ba ta shiga ba, ta nuna wata a-kori-kura mai ƙofa biyu, ruwan toka, ta ce, "Waccan." Aka kawo ta gida da damin furen yasmin a madubi. Sai da aka yi kwana uku sannan ya tuna cewa haifaffen Juma'a ba ya shiri da launi mai duhu. Wannan kuwa ba matsala ba ce a wajenmu. Ya sayo 'yar takardar nan mai gam ya manna a ƙofar baya, an rubuta: "Wannan mota shuɗiya ce." Shi ke nan, tsautsayi in ya zo zai karanta ya nemi wata.

Abin da ba a yi lissafi da shi ba shi ne cikin Pa Lamduan. Matar nan shekara ashirin tana tuƙa motar gona, irin wadda ake ɗora wa injin huɗa, ba ƙofa ba gilashi, tana kai rogo masana'anta a kan hanyar da ko akuya sai ta yi tunani. Ko tashin zuciya ba ta taɓa yi ba. Lasisin tuƙi ma rana ɗaya suka je nema, ita ta ci a zama ɗaya, shi sai a na uku, saboda kowace tambaya an ba shi amsa huɗu an ce ya zaɓi ɗaya. Amma da ta zauna a kujerar fasinja ta sabuwar mota, aka rufe gilashi aka kunna esi, ba a kai gidan mai ba fuskarta ta koma kamar ɗanyar gwandar da take dakawa. Da rani abin da sauƙi, sai ta sauke gilashi ta sha iska. Sai ga damina.

Fitarsu ta farko cikin ruwa zuwa kasuwar Asabar, ta sauke gilashi, ruwa ya jiƙa kujerar da har yanzu ba a cire mata leda duka ba. Lung ya ji kamar a idonsa aka zuba. Ya roƙe ta ta rufe. Ta rufe. Abin da ya biyo baya ba zan bayyana ba, sai dai ya yi kwana biyu yana wankin shimfiɗar ƙafa yana shanyawa a kan shingenmu.

Asabar ta gaba sai muka ga Pa Lamduan ta ɗauki kwandonta ta wuce sabuwar mota kamar ba ta san ta ba, ta shiga ta Sutin, mijin ƙanwarta. Motar Sutin ta girmi babbar 'yarsa, ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, amma tana da rumfar taga: siririyar robar nan da ake mannawa a saman ƙofa, ta ɗan leƙo kamar gira, don a sauke gilashi yatsa biyu iska ta shiga ruwa bai shiga ba. Ta Sutin ta tsage, ta koɗe, amma tana aikinta. Sutin kuwa mutum ne da ba ya barin abin dariya ya wuce shi a banza. Ya tsaya daidai ƙofar Lung ya leƙo.

"Yaya Kamdi, a sayo maka wani abu? Man goge mota? Ko sabulun shimfiɗa?"

"Wuce, kafin ƙofarka ta faɗo mini a gona."

"Tana faɗowa dai, amma matarka a ciki take."

Da ta dawo, ina jin su ta shinge.

"Uwar yara, mutane suna kallo fa."

"Su kalla. Ai ba a jikinsu nake amai ba. Ka saurara, tsoho: sadakar shekara ta marigayiya Inna saura sati shida. Ran Alhamis za mu tafi Don Kha, Juma'a a ciyar da malaman haikali. In motarka ta sami rumfa kafin nan, ina gaba kusa da kai. In ba ta samu ba, ni da Sutin, kai kuma ka biyo mu da ayaba."

"Sati shida? Ai abu ne da ake dubawa a tsanake."

"Roba ce. Duba ta."

Sati shida ga mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya a kan mota, ai kamar a ce wa kunkuru ya kamo zomo ne. Amma ya tashi tsaye, ba a raina masa. Ya fara da bincike. Duk motar da aka ajiye a kasuwa sai ya zagaya ta, ya sa yatsa ƙarƙashin rumfarta, ya ɗan ja, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. Wata mai sayar da kwaɗi ta kama shi yana jan ta mijinta, ta yi masa kuwwar ɓarawo, sai da mai gadin kasuwa ya zo ya ce, "Haba, Lung Kamdi ne. Ko sata ya zo, kafin ya zaɓi abin ɗauka an tashi kasuwa."

Daga nan ya koma shagon Je Kim a Roi Et, wata 'yar kasuwa mai gajeren gashi da gajeren haƙuri, wadda ke sayar da duk abin da ake liƙa wa mota. Zuwansa na huɗu na raka shi, don ina da aikin gyaran tabarau a gari. Tana hango shi ta ajiye cokalinta.

"Lung ya dawo. Ku kawo masa kujera da matashi."

"Je Kim, a sake nuna mini."

"Ga su nan inda ka bar su. Wannan baƙa ce wuluk. Wannan baƙa ce mai haske, ana ganin hanya ta cikinta. Wannan fara. Wannan ruwan azurfa mai ƙyalli, ta samari masu tayar wa mutane da hankali. Waɗannan a waje ake manna su da gam, waɗancan a ramin gilashi ake cusa su."

"An ce ta cusawa tana kankare gilashi."

"To ɗauki ta mannawa."

"An ce mai faɗi tana fito in ana gudu."

"Kai da ba ka wuce sittin? Ɗauki siririya."

"An ce siririya ba ta tare ruwan da ke zuwa a karkace."

"Lung, rumfa ce fa, ba suruka za ka zaɓa ba."

"Amma tsakani da gaskiya wacce ta fi tare ruwa?"

"Wadda aka saya."

Ashe duk wannan share fage ne. Babbar maganar tana wajen launi. Baƙi ba ya yi da haifaffen Juma'a, motar kuwa tasa ce. Fari ba ya yi da haifaffiyar Talata, tagar kuwa ta Pa Lamduan ce. Ruwan azurfa an kasa tantance ko dangin fari ne ko dangin toka. Ya tambayi mutum uku ya samo amsa huɗu. Ya zayyana wa Je Kim wannan duka da yatsu, kamar mai rabon gado. Ta kalle shi, ta kalle ni, sannan ta fito daga bayan kanta ta ja hannun rigarsa har bakin titi inda motar take.

"Karanta mini abin da ke bayan nan."

"Wannan mota shuɗiya ce."

"Madalla. Tayoyinka wane launi ne?"

Lung ya duƙa ya duba, kamar yau aka sa su.

"Wata shida kana yawo a kan baƙaƙe huɗu, da na biyar a ƙarƙashi, ko mura ba ka yi ba. Takardar nan ta rufa wa taya asiri, ta kasa rufa wa 'yar roba? Duk abin da aka manna wa shuɗiyar mota ɗan gida ne."

Ban taɓa ganin hujja ta shiga mutum haka ba. Duk da haka sai da ya koma gida ya kwana a kanta sau tara. A zuwa na shida, saura kwana biyar tafiya, ya sayi baƙa mai haske, matsakaiciya, ta mannawa, guda biyu a kwali ɗaya, dama da hagu. Je Kim ta ce a kawo motar bayan shago a manna masa yanzu, minti goma, kyauta, don dai ta huta. Lung ya rungume kwalin.

"Yau? Haka kawai? Ba a duba rana ba?"

"To ji nan, tunda kai za ka manna. Ka goge wurin da sifirit ya bushe ƙayau. Kada ka shafa masa man ƙyallin nan naka. In ka manna ka danne sosai. Sannan kwana biyu kada ruwa ya taɓa ta, ka bar motar a ƙarƙashin rufi. Ka ji ko in rubuta?"

"Na ji."

Ya dai ji. Daga shagon bai tsaya ko'ina ba sai haikali, wajen Luang Ta, babban malaminmu, ɗan shekara tamanin da huɗu, wanda ya sa wa motar albarka tun farko, ya ɗiga mata farin alli a rufin ciki. Luang Ta ya buɗe littafinsa na kwanaki, ya kai shi kusa da hanci, ya ce rana mafi kyau a watan nan ita ce Alhamis, ƙarfe tara da minti tara na safe. Wato safiyar tafiya. Lung ya dawo yana murna: ga sa'a, ga tafiya, an jefi tsuntsu biyu. Ya ɗora kwalin a kan kantar da ake ajiye furanni da turare, ya hana kowa taɓawa.

Ran Talata da rana ya tafi gonar roba. Pa Lamduan ta sauko da kwalin, ta zaro wadda ta fara zuwa hannunta, ta gwada a ƙofarta ta hagu ta ƙi zama, ashe ta dama ce, ta direba. Ba ta tsaya neman ɗayar ba, ta zagaya. Ta ɗauko kwalbar giyar shinkafa da take shafa wa gwiwa, ta jiƙa tsumma ta goge saman ƙofar, ta bari ya bushe, ta ɓare takardar gam ta manna, ta bi da babban yatsa daga farko har ƙarshe kamar mai danne bakin tulu. Tana miƙa hannu za ta ɗauko ta biyu sai ga shi ya shigo.

"Uwar yara! Me kika yi?"

"Abin da ka yi wata guda kana yi."

"Yau Talata! Wa ke fara abin arziki ran Talata? Ƙarfe nawa ma yanzu?"

"Ni ma ran Talata aka fara ni, shekara talatin da huɗu kana cin tuwona ba ka mutu ba. Miƙo ɗayar."

Bai miƙa ba. Ya fizge ta ya kai rumbun shinkafa ya kulle. Ya so ya ɓamɓare ta daman, amma tsoron fenti ya hana shi. Ya ce da ni ta shinge, cikin muryar wanda aka yi wa rasuwa, "Tawa ta riga ta lalace, ƙanena. Amma tata, gefen da za ta zauna, sai an yi shi bisa ƙa'ida." Ran Laraba kuwa, don girmama ranar gobe, ya wuni yana goga wa ƙofar hagu man ƙyalli, har ƙuda in ya sauka sai ya zame.

Alhamis tun ƙarfe takwas muna harabar haikali. An loda wa a-kori-kura ayaba da buhun shinkafa da matasan kai na sadaka, an rufe da tamfol. Ni an ba ni wuri a motar Sutin tare da matarsa. Lung ya tsaya da rumfa a hannu, idonsa a kan agogon wayarsa. Tara da minti tara na cika ya ɓare, ya manna, ya danne da tafin hannu sau tara. Ta zauna ɗas, sai walƙiya take. Pa Lamduan ma sai da ta gyaɗa kai.

Sai ga Luang Ta ya fito da ƙwaryar ruwan albarka da damin ciyawarsa na yayyafi. Shi Luang Ta ba ya rowar ruwa. Wanda ya je neman addu'arsa da riga biyu yake zuwa. Na matsa kusa da Lung na yi ƙasa da murya.

"Lung, ba Je Kim ta ce kwana biyu kada ruwa ya taɓa ba?"

Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa mai ilimin da bai amfane shi ba.

"Ƙanena, ruwan sama take nufi. Wannan ruwan albarka ne. Ka taɓa jin albarka ta ɓalle abu?"

Luang Ta ya tsoma, ya watsa, ya tsoma, ya watsa. Ya yi wa ta dama wanka na musamman don a wanke mata Talata. Da ya zo ta hagu Lung ya haɗa tafin hannu ya ce, "A ƙara nan, Luang Ta, nan uwar gida za ta zauna." Tsoho ya ji daɗi, ya ajiye ciyawar, ya karkata ƙwaryar gaba ɗaya a kan layin gam. Aka danna ham sau uku, muka kama hanya, su a gaba mu a baya.

Awa guda komai lafiya. Ruwa ya tsuge bayan mun hau babban titi, ina hango gilashin Pa Lamduan a sauke yatsa biyu, har da gefen gashinta yana kaɗawa. Sai wata babbar motar rogo ta wuce mu da gudu ta kwaso iska. Rumfar hagu ta ɗaga kai daga gaba, kamar mai son yin tambaya. Ta yi fiffike sau biyu. Sannan ta tashi da albarkarta duka, ta yi juyi a sama, ta sauka a kan kwalta daidai gaban tayar Sutin. Ƙarar da muka ji ba ta fi ta taka busasshen ganye ba.

Motocin biyu suka tsaya a gefen hanya, gonakin shinkafa dama da hagu, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Lung ya fito ba laima ya tsinto gutsattsari uku yana ƙoƙarin haɗa su, kamar za su tuna da junansu. Ya koma ya zauna a mazauninsa yana ɗiga. Ruwa kuwa ya fara shiga ta tagar Pa Lamduan. Ta rufe gilashi. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta sake buɗewa.

Sutin ya matso da motarsa daf da tasu, ya sauke gilashi ƙarƙashin tsagaggiyar rumfarsa.

"Sannu Yaya Kamdi, ban gan ta ba, ta zo da sauri ne, ba kamar mai ita ba. Yaya Lamduan, taho, maƙwabcinku zai matsa. Saura awa ɗaya da rabi fa, kuma hanyar kogi duk kwana ce."

Ƙofar hagu ta buɗe. Pa Lamduan ta fito ta buɗe laima. Na ga fuskar Lung ta cikin gilashi, kuma ba zan ɓoye ba, dariyar da nake riƙewa tun haikali ta koma ciki. Shekara talatin da huɗu mutum yana tanadin shiga gari ɗaya, ga shi zai shige shi da ayaba.

Amma ba wajenmu ta nufo ba. Ta zagaya ta gaban motar, ta tsaya a ƙofar direba, ta kai hannu ta ja rumfar Talata da ƙarfi. Ko motsi. Ta ƙwanƙwasa gilashi ya sauke.

"Matsa."

"Na'am?"

"Rumfa tana nan gefen. Kuma ni in ina riƙe da sitiyari ba na amai, ka sani. Ko ka matsa, ko in shiga ta Sutin. Zaɓi, tsoho, ruwa na dukana."

Motar nan ko wanke ta Lung bai taɓa barin wani ya yi ba. Sutin ya ce da ni, "Sauko da abincin rana, maƙwabci, a nan za mu wuni." Bai rufe baki ba muka ga Lung Kamdi ya ɗaga ƙafa ya tsallake giya, ya faɗa jiƙaƙƙiyar kujerar hagu, ya ja bel ya ɗaura. Ban ƙirga ba, amma bai kai daƙiƙa uku ba. Matar Sutin ta ce a rubuta ranar.

Pa Lamduan ta ja kujera gaba, ta sauke gilashi yatsa biyu, ta ba motar wuta. Tun da aka sayi a-kori-kurar nan ba ta san tana da giya ta biyar ba sai ranar. Sutin ya yi ta bin ta yana zagin injinsa. Sai da muka zo mashigar Don Kha ta rage gudu, ta koma tafiyar amarya, a hankali, kowa ya gani.

Dangi suna cike a ƙarƙashin gida ana naɗe ganyen ayaba. Tsohon kawun nan mara haƙori yana kan gadon gora, inda yake tun wancan ƙarni. Motar ta tsaya nesa da kududdufi. Ya ƙanƙance ido ya dubi mai tuƙi, ya dubi na gefe, wanda ke zaune a miƙe, jiƙe sharkaf, da hannu ɗaya a kan cinya kamar hakimi.

"Kai! Wa nake gani? Surukin Keke ne? Mota sabuwa, har da direba?"

Lung Kamdi ya sauke gilashi a tsanake ya haɗa hannu ya gaishe shi.

"Ni ne, Kawu. Ai tun da na kasa zaɓen birki na ce gara a samo wanda ya iya."

Tsohon ya yi dariya har sai da aka bubbuga masa baya. Sunan dai bai canza ba, kada in yi muku ƙarya. A Don Kha suna ba ya mutuwa. Amma an ba shi wuri a kan gadon gora, aka tura masa kwandon shinkafa mai danƙo tun kafin a tura wa Sutin.

Damina uku ke nan da yin wannan. Rumfar Talata tana nan daram, ko gefe ba ta ɗaga ba. Ƙofar hagu kuwa har yau babu komai sai siririn tabon gam. Pa Lamduan ke tuƙi, kasuwa da asibiti da Don Kha, shi yana gefe da gilashi a rufe, yana gaya mata inda ramuka suke bayan ta wuce su. Duk wata yakan leƙa shagon Je Kim. Ta ce masa ba a sayar da ta hagu ita kaɗai sai dai biyu. Ya ce to wannan sai an duba. Da ta gaji ta samo masa guda ɗaya ta hagu, irin tasa sak, ta ce ta ba shi kyauta, a manna yanzu. Ya juya ta, ya ɗaga ta a haske, ya leƙa waje inda Pa Lamduan ke zaune a bayan sitiyari tana cin gyaɗa tana danna masa ham.

Ya mayar da ita kan kanta ya ce zai yi shawara.